Kafin Mu Ce Ya Daina: Wane Aiki Ƙwayar Ke Yi Masa?

'Yan uwa, maƙalarmu ta wannan mako a kan shaye-shaye take, kuma mun san wasu za su ce an sake dawowa ke nan. Suna da gaskiya, babu maganar da aka tauna kamarta. Liman ya yi huɗuba, gidan rediyo ya yi shiri, an rubuta labaran yaron da ya lalace ya bar uwarsa cikin kuka har ba su ƙirguwa. Amma duk wanda ke zaune Lafagu ko Gante, ko yake cin kasuwannin Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje, ya san yawan maganar bai rage yawan fankon ƙwayar da ake takawa a bakin tasha ba. Ko dai mutanen ne ba su ji, ko kuma tambayar da ake yi ce ta zo a makare. Mu dai a namu ganin, ta biyun ce. Kullum abin da ake tambaya shi ne, "Yaya za a yi ya daina?" Alhali akwai wadda ta kamata ta riga ta: "Wane aiki abin nan ke yi masa, kuma idan ya bari, me zai ɗauke masa wannan aikin?"

Mu fara da girman abin. A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Binciken ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe ciwo irin su tramol, miliyan 2.4 kuma ruwan maganin tari. Jihar Kebbi ta tashi da kashi 12.6 cikin ɗari, kimanin mutum 286,000. Wato idan mutum takwas suka kewaye akushi ɗaya, lissafi ya ce akwai ɗaya a ciki. Kuma a kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Akwai wani adadi a rahoton da ba a cika ambata ba: kusan ɗaya cikin biyar na masu shan ne abin ya riga ya zama masa ciwon da ke buƙatar magani. Ashe ba kuɗin goro za a yi musu ba. Wanda ya fara jiya daban, wanda jikinsa ba ya motsi sai ya haɗiya daban.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce a toshe hanyar shigowa. Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin iyakar wannan maganar. Daga Tsamiya ka miƙe sai Segbana, daga Lolo sai Madekali da Malambil, ga gulbin Kwara da jirage ke ratsawa dare da rana. Gonar wani tana tsallake, ƙanwar wani can take aure, suna da biki da jana'iza duk tare ake yi. An rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, amma wa ya rasa shinkafar waje a kasuwa in yana da kuɗinta? Hanyar da buhu ya bi ya wuce, ƙwayar da ke shiga aljihun wando ba za ta rasa wurin bi ba. Ranar 1 ga Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan rahoton BBC da ya tona asirin cinikin. A wannan shekarar kuma Indiya, inda mafi yawan tramol ɗin ke fitowa, ta tsaurara dokar fitar da shi. Ba a daɗe ba wasu ƙwayoyin suka maye gurbi, irin su Tafrodol, wanda haɗi ne na magunguna biyu masu ƙarfi, har sai da wani rahoton BBC na watan Fabrairun 2025 ya sa Indiya ta hana yin wannan haɗin. An toshe rami ɗaya, gafiya ta ɓullo ta wani.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Dillalin da ke zuba guba a gari don ya gina bene, a kama shi, a hukunta shi, kuma kada mai unguwa ko ɗan siyasa ya je belinsa da dare. Jami'an NDLEA da na kwastan da ke wannan aiki suna da haƙƙin a ba su haɗin kai. Abin da muke cewa kawai, muddin akwai mai nema da kuɗi a hannu, ba za a rasa mai kawowa ba. Don haka dole a koma kan mai neman.

To wa ke nema a wajenmu? A finafinai da littattafai an saba nuna ɗan shaye-shaye a matsayin ɗan gata da kuɗi suka lalata, ko zauna-gari-banza da ke kwance a kango. Akwai su. Amma a ƙasar Bagudo babban mai sayen tramol shi ne mai aikin ƙarfi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Banki a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, noman shinkafa ya bunƙasa, rani da damina babu hutu. Dashe, cirar ciyawa, yanka, bugu, ɗaukar buhu daga fadama zuwa bakin hanya, duk da hannu ake yi, ƙafa cikin laka, rana a tsakiyar ka. Kuma ɗan ƙwadago da yawan aikin da ya gama ake biyansa. Idan abokinsa ya haɗiyi jar ƙwaya da shayin safe ya gama fage biyu kafin shi ya gama ɗaya, gobe wa mai gona zai nema? Haka ɗan kabu-kabun da ke kwana a hanyar daji da kaya, haka mai fito, haka ɗan dako a ranar kasuwa, haka makiyayin da ke bin shanu tun asuba. Waɗannan ba nishaɗi suka je nema ba. A wurinsu ƙwaya kayan aiki ce, kamar lauje da fartanya. Idan ka ce wa irin wannan yaron ya daina don zai lalata rayuwarsa nan gaba, abin da yake ji shi ne ka ce ya koma gida yau da rabin kuɗin cefane.

Wani labari daga maƙwabta zai nuna mana nisan da abin ya yi. A 2013 wasu masana kimiyya suka ba da sanarwar cewa sun gano tramol a saiwar itacen tafashiya a Kamaru, har aka fara murnar cewa ashe itace ma na yin sa. Da wasu masanan daga Jamus suka bi diddigi a shekarar da ta biyo baya, sai suka gano ba itacen ke yi ba. Manoman arewacin Kamaru ne ke sha, suna kuma bai wa shanun huɗa don su jure aiki, fitsarinsu ya shiga ƙasa, saiwa ta zuƙa. Abin dariya, abin kuka. Har ƙasar da ake nomawa ta sha.

Ba gajiya ce kaɗai aikin da ƙwaya ke ɗauke wa mutum ba. Wani barci take ba shi. Wani kunya take cire masa ya iya magana a gaban budurwa. Wani mantuwa yake saya, kamar manomin da ambaliyar 2020 ta cinye masa shinkafa ga bashi a wuya, ko matashin da ke cin abinci da jarkar fetur har aka cire tallafi a watan Mayun 2023 cinikin ya ja baya, ya wayi gari ba shi da inda za shi. Wani kuma abokai take ba shi, domin majalisar 'yan wiwi ce kaɗai wurin da idan ya zo ake matsa masa ya zauna. A cikin gidaje kuwa, inda ido ba ya kaiwa, akwai matar da ke shan ƙwayar barci don kada ta kwana tana tunanin kishiya, da bazawarar da zaman gidan iyaye ya ishe ta, da amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba. Su ba su zuwa tasha, yaro ake aika wa mai kemis. Kuma ranar da asiri ya tonu, namiji ana cewa ƙuruciya ce, mace kuwa takardar saki ce. Shi ya sa ba su neman taimako sai abin ya kai inda ya kai. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu mu zo kan jiki, domin nan ne jahilci ya fi yi mana ɓarna. Tramol magani ne na gaske da likita ke rubutawa don ciwo. Wanda hukuma ta yarda a sayar mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, kuma ko a asibiti ba a wuce 400 a yini. Na kasuwa kuwa 200 ne, 225, har 250, kuma akwai masu haɗiyar uku ko huɗu a tashi ɗaya. Shi ya sa ake ganin yaro lafiya lau ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya, a ce iska ce ta taɓa shi. Idan mutum ya daɗe yana sha, ƙwaƙwalwarsa kan sake tsarin aikinta ta yadda sai da ƙwayar take daidaita. Abin da ɗaya ke yi masa a da, yanzu sai biyu. Daga nan ba don ya ji daɗi yake sha ba, don kada ya ji ciwo ne. Ranar da ya bari, cikin yini guda jiki zai fara: ciwon gaɓoɓi, zufa, hamma, majina, murɗawar ciki, gudawa, rashin barci, ƙunci kamar an yi masa mutuwa. Kwanaki biyu zuwa uku na farko suka fi tsanani, yawanci cikin mako guda zuwa kwana goma jiki kan lafa, amma kasala da rashin walwala kan ja makonni. Wanda bai san wannan ba, idan ya ga yaro ya yi rantsuwa da safe ya karya da dare, sai ya ce maƙaryaci ne. Ba lallai ƙarya ya yi ba. Ya yi niyya, jikinsa ne ya kayar da shi.

Akwai ma waɗanda barinsu farat ɗaya na da haɗari ga rai. Wanda ya daɗe a kan D5 ko roci, ko mai shan barasa kullum, idan aka yanke masa lokaci guda yana iya kamuwa da jijjiga ko ruɗewa. Irin waɗannan a hankali ake rage musu, ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Matsalarmu ita ce babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ya fi kusa da mu yana Kware, bayan Sakkwato, tafiyar da ke cin yini da kuɗin mota na mutum biyu, ga kuɗin gado da abinci. Talaka nawa ne zai iya? Saboda haka iyaye ke neman abin da hannunsu zai kai.

Abin da hannu ke kaiwa kuwa sau da yawa shi ne gidan mari. Mun tuna watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, sannan a watan Oktoba aka sake ganin irin haka a Daura. Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne, yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, ba don ƙiyayya ba, don sun rasa yadda za su yi. Mari yana raba mutum da ƙwaya muddin yana ƙafarsa. Ba ya koya masa sana'a, ba ya biya masa bashi, ba ya ba shi barci, ba ya canza masa abokai. Yana dai ƙara masa abu ɗaya da zai so ya manta. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, wadda ta amince cewa mai irin wannan lalura yana da haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Amma doka a Abuja take. Uban da ɗansa ya sace masa akuya ya sayar a Lafagu yake, kuma yau yake neman mafita.

Akwai wata dabara da muke so mu yi magana a kanta ba tare da kwana-kwana ba, wato "a yi masa aure zai shiryu". Wannan ba magani ba ne, sauke kaya ne daga kan iyaye zuwa kan 'yar mutane. Yarinyar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba, ita za ta sha duka, ita za ta nemi abinci, kuma idan ya ƙi shiryuwa a ce ba ta iya riƙon miji ba. Duk wanda ba zai ba shi tasa 'yar ba, kada ya je nema masa ta wani.

Wasu za su ce ai maganin abin tsoron Allah ne, sauran duk surutun 'yan boko ne. Ba mu musun farkon maganar. Amma addinin da kansa ya nuna mana yadda ake raba al'umma da maye. Giya ba rana ɗaya aka haramta ta ba. An fara da bayyana cewa cutarwarta ta fi amfaninta a Suratul Baƙara, aka zo aka hana kusantar sallah cikin maye a Suratun Nisa'i, sannan haramcin ƙarshe ya sauka a Suratul Ma'ida, a Madina, bayan shekaru ana gina imani da 'yan uwantaka. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi bayanin cewa da hani aka fara da shi, da mutane sun ce ba za su bari ba. Haramci ya tabbata, babu mai taɓa wannan. Darasin da ke ciki shi ne sai da aka gina wa mutane abin riƙewa kafin aka ce su saki abin da ke hannunsu. Haka kuma ya zo a Bukhari cewa akwai wani sahabi da aka sha kawowa saboda shan giya ana yi masa hukunci, da wani ya tsine masa sai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An hukunta shi, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Mu kuwa yaro na shigowa masallaci da jan ido, sai kowa ya janye takalminsa kusa.

Wurin da mutum ke zaune da mutanen da ke kewaye da shi suna da ƙarfin da ba mu cika ba shi muhimmanci ba. A yaƙin da Amurka ta yi a Biyetnam, kusan soja ɗaya cikin biyar ya kamu da hodar hirowin. Hukumomi sun tsorata, suna ganin za a dawo musu da dubban mashaya. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawunsu bayan sun koma gida a farkon shekarun 1970, sai ta tarar kusan kashi 5 cikin ɗari ne kacal na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa a shekarar farko. Ƙwayar ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne tsoro ya kau, sun koma cikin iyali da aiki, kuma babu abokan shan da wurin shan. Ba sai mun je Amurka ba ma. Ku dubi watan azumi a garuruwanmu. Mutumin da ba ya iya awa ɗaya babu sigari, sai ga shi ya kai faɗuwar rana. Me ya sa? Gari ne gaba ɗaya ya canza. Mai shayi bai fito ba, majalisa ta watse, kowa na cikin hali ɗaya, kuma akwai lokacin da aka sa wa ido. Matsalar tana zuwa ne bayan sallah, ranar da komai ya koma yadda yake. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Turken nan ba a cikin mutum kaɗai aka kafa shi ba, yana nan a gindin bishiyar da ya saba zama da kwanar da ya saba bi.

Kuma hanyar haɗa asibiti da gida da al'ada ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu ciwon ƙwaƙwalwa ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, su je asibiti da rana su dawo su kwana cikin jama'a, har ma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Duniya ta zo ta koya daga gare shi. Idan likitan da ya yi karatu a Ingila bai ga ƙasƙanci ba wajen zama da mutanen ƙauye, ba mu ga dalilin da malami da ma'aikacin asibiti a ƙasar Bagudo za su riƙa kallon juna a matsayin kishiyoyi ba. Malam ya yi addu'a ya kuma ce a je asibiti. Ma'aikacin lafiya ya ba da magani ya kuma tambaya ko yaron na da wanda yake jin maganarsa.

To me za mu iya da abin da ke hannunmu? Na farko yana wuyan masu gonaki, kuma da yawanmu a nan 'ya'yansu ne ko mu ne su. Mai gonar da ya san da me 'yan ƙwadagonsa ke aiki ya kau da kai don aikinsa ya yi sauri, yana da kaso a cikin abin. Hutun tsakar rana, ruwan sha, abinci mai riƙe ciki, da biyan da ba zai tilasta wa mutum yin aikin mutum biyu ba, waɗannan su ne maganin da ya fi ƙarfin huɗuba a fadama. Yaron da ya ce zai bari yana buƙatar mako biyu da ba za a ɗora masa aikin ƙarfi ba kuma ba za a bar shi da yunwa ba. Wa zai ɗauki wannan? Kakanninmu sun yi gayya don gonar mara lafiya. Dangi biyar ba za su gaza ciyar da mutum ɗaya kwana goma sha huɗu ba.

Sannan yana buƙatar mutum ɗaya, ba taro ba. Kawu ne, ko yaya, ko aboki da ya riga shi fita, wanda zai iya bugawa waya ƙarfe biyun dare ya ce "abin ya taso mini" ba tare da an yi masa gori ba. Ƙishirwar ƙwaya kamar igiyar ruwa take a gulbi, tana tasowa ta kai ƙololuwa ta sauka, ko an sha ko ba a sha ba. Wanda ya samu abokin hira, ko ya yi alwala ya fita ya taka, ko ya ci wani abu, sau da yawa kafin ya ankara ta wuce. Masu aikin farfaɗo da mashaya sun daɗe da lura cewa an fi faɗawa lokacin yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Ku duba da kyau, waɗannan huɗun su ne rayuwar ɗan ƙwadago da ya taso daga fadama da magariba. Shi ya sa tsakanin la'asar da bayan isha'i ya fi kowane lokaci muhimmanci. Filin ƙwallo, kokawa, makarantar dare, shagon koyon gyaran waya ko injin ban ruwa, aikin 'yan agaji, duk abin da zai sa wani ya ce "yau ba mu ga wane ba" ya aika a duba shi. Kuɗinsa ma kada su riƙa kwana a aljihunsa a watannin farko, a sa shi adashi ko ya ba wanda ya yarda da shi ajiya.

Mata kuwa sai mata. Ungozoma, malamar Islamiyya, ma'aikaciyar awo a asibitin gari, su ne ke shiga inda mu ba mu shiga. Idan aka koya musu alamomin, aka kuma tabbatar maganar ba za ta fita zaure ba, za a ji abubuwan da ba a taɓa ji ba. Ga masu riƙe da mulki kuma, daga kansila zuwa Birnin Kebbi, buƙatarmu ba ta da tsada: a horar da ko mutum ɗaya a kowane asibitin mazaɓa kan yadda ake karɓar mai son bari, da sanin wanda za a riƙe da wanda za a tura gaba. Zaɓen 2027 na tafe. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a da motar samari masu layi, mun san wanda ya saya musu, kuma mu muke da bakin tambayarsa a gaban jama'a.

Wannan lissafin bai tsaya kan tramol da wiwi da sholisho da sukudai ba. Mai cacar ƙwallo a waya da ke cinye kuɗin shinkafarsa, da dattijon da ba ya iya magana sai da goro a kunci, da mu da ke kai ƙarfe ɗayan dare muna latsa waya, duk igiya ɗaya ce ta ɗaure mu, kaurinta ne ya bambanta. Sanin haka kan rage wa mutum ɗaga hanci.

Saura maganar komawa. Yaro zai yi wata uku lafiya, a yi murna, rana ɗaya a gan shi yana layi. A nan ne gidaje da yawa ke yanke ƙauna. Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani kan sake taɓawa, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi bayan ya lafa. Babu wanda ke korar mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa. Ana tambaya ne me ya faru a makon nan, an yi faɗa ne, aiki ne ya tsaya, ko tsohon aboki ne ya dawo gari, sai a gyara wurin a ci gaba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Hukumar NDLEA ma tana da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, inda ake magana da masu ba da shawara dare da rana, kuma uwa ko ƙanwa na iya kira a madadin wani.

Sai dai lokacin komawar nan shi ne mafi haɗari ga rai, kuma wannan muna roƙon kowa ya isar da shi gida. Wanda ya yi makonni bai sha ba, ko don azumi, ko don tsarewa, ko don niyyar kansa, jikinsa ya riga ya sauka daga inda yake. Idan ya haɗiyi adadin da ya saba a da, yana iya tsayar masa da numfashi. In kun tarar da mutum a sume, numfashinsa na fita da ƙyar ko yana minshari mai nauyi kuma ba ya farkawa, kada a ɗura masa madara ko manja, domin suna iya bi ta hanyar iska su shaƙe shi. Idan jijjiga yake yi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a danne shi. A kwantar da shi a gefensa, a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa nan take, a tafi da fankon abin da ya sha, kuma a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya ko da a gaban surukai ne.